Ranar Da Na Yi Wa Yayar Shu'aibu Gwalo

Jama'a, duk wadda take cin abinci ta ajiye cokali tukuna, don ba zan ɗauki alhakin wadda ta ƙware ba. Ni dai nawa ya riga ya same ni.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni: sunana Kubra, gidanmu yana Jos Jarawa, ina aji biyu a karatun likita. Kada wannan ya ruɗe ku. Mama ba ta kirana Dakta sai in akwai baƙi. In babu baƙi sunana "ke, zo ki wanke tukunyar nan." Shu'aibu kuma, mai nemana da aure, shi ne wanda bara ya zo sa mana tagogin alminiyom, irin masu gilashi mai duhun nan. Aikin da wani zai gama kafin la'asar shi sai da ya ci mako yana yi, kullum da abin da ya manta a shagonsa na bayan kasuwar Terminus. Iyayensu sun rasu tun yana ƙarami, yayarsa Safara'u ce ta riƙe shi. Ita ce uwa, ita ce uba, abin da ta ce shi ake yi.

To ranar Laraba muna da lacca da Dakta Dantong, a kan yadda kai da wuya suke haɗuwa tun mutum yana ɗan tayi a cikin uwarsa. Tun safe ake tsuga ruwa, sanyi har cikin ƙashi. Na naɗe cikin rigar sanyi da hijabi a layin baya, wurin zamana na gado, ina gyangyaɗi. Babin nan ya daɗe yana ba ni kashi. Hotunan littafin duk kamar an lanƙwasa ɗan kifi ne, ga wasu ninki-ninki a gefen wuya, wai wannan ninkin zai zama muƙamuƙi, wancan ƙashin cikin kunne, na ƙasa kuma maƙogwaro. A gwajin da ya wuce duk na cakuɗa su. Dakta Dantong ya rubuta min da jan biro a ƙasan takarda: "Mun gode Allah da ba ke aka ba aikin haɗa mutum ba."

Can cikin barci sai na ji ya juya harshe zuwa Hausa, abin da yake yi in yana son mu farka.

"Wannan naman da ke gaban wuyanku, wanda in ya kumbura kuke ce masa maƙoƙo, kun san daga ina ya taso? Daga gindin harshe. Can ya fara, bai fi ƙwayar gero ba, sannan ya gangaro ta wata siririyar hanya har ya iso mazauninsa. In ya iso sai hanyar ta shafe. Amma a wasu mutanen ba ta shafewa duka. Wani ɓangare ya rage, ya tara ruwa, ya zama ƙullutu a tsakiyar wuya. Ya za ka gane shi? Ka ce wa mara lafiya ya yi maka gwalo. In ƙullutun ya hau sama tare da harshen, to shi ne, don har yanzu yana ɗaure da inda ya fito."

Aji ya kaure da dariya, kowa yana yi wa na kusa da shi gwalo. Ni ban yi dariya ba. Hannuna ya riga ya shige ƙarƙashin hijabi.

Ina da shi. Tun ina firamare ina da wani ɗan ƙullutu kamar gyaɗa a tsakiyar wuyana, Mama ta ce kaluluwa ce, zai baje. Bai baje ba, ni kuma na manta da shi. Sai bayan murar da na yi watan jiya ya tashi ya kai ƙwan tantabara. Kullum ina cewa gobe zan nuna wa wani. Ɗalibar likita ke nan fa.

Ana tashi Firisila ta damƙe hannuna. Firisila ƙawata ce tun sakandare, 'yar Vom, Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji.

"Kubra, me ya same ka? Fuskan ka ya canza."

Na ja ta bayan ajin, na ɗaga hijabi, na ɗaga haɓa. Ta ce, "Yi gwalo mu gani." Na yi.

"Yesu! Ya hau! Kubra, kai ne littafin! Bari in kira su Tina su zo su gani."

Da ƙyar na riƙe ta. Ita kuma ba ta sake ni ba sai da ta kai ni ofishin Dakta Dantong. Ya duba, ya sa na haɗiyi yawu, ya sa na yi masa gwalon shi ma. Ya ce alamu sun nuna shi ne, amma sai an yi hoton wuyan an tabbatar. Ya ce yawanci ba mugun abu ba ne, sai dai ba a barinsa, don yana iya ruruwa ya yi ruwa. Ƙaramin aiki ne, za a cire shi tare da tsakiyar wani ɗan ƙashi da ke sama da maƙogwaro. Duk bayanin da ya yi kalma biyu na ji: aiki da ƙashi. Ni da na zaɓi likitanci don in riƙa yanka wasu.

Na isko Mama a kicin tana tsince acca. Ban ƙarasa bayani ba ta ajiye faifan.

"Tiyata? Yanzu? Kin manta ranar Asabar yayar yaron nan za ta zo ganin gida?"

"Mama, ai shi ya sa nake ganin gara in faɗa masa..."

"Ki faɗa masa me? Wa kika taɓa gani yana tallan ciwo ranar kasuwa? Kubra, ki rufa min asiri. Bakinki ƙanin ƙafarki. Maza su zo tambaya, a sa rana, sannan ki faɗi duk abin da kike so. Kin manta 'yar gidan mai gawayi? Cewa kawai aka yi tana yawan ciwon kai, kafin magana ta zagaya unguwa ta zama farfaɗiya, yaro ya gudu."

Na ce ai Shu'aibu ba haka yake ba. Ta ce ba da Shu'aibu take ba, da matan gidansu take. Ta ɗauko man zaitun da habbatus sauda ta mulke min wuya har na koma ƙamshin shagon mai maganin Musulunci. Washegari ta kwashi sabuwar atamfata, mai ruwan ganye da zanen zinari, ta kai wa tela ya ƙara mata wuya mai tsayi da maɓalli. Da na gwada na fito sak kwalbar lemo da murfinta.

Da yamma saƙon Shu'aibu ya shigo.

"Likitata, ya sanyi? Yaya ta ce me kike so ta riƙo miki?"

Na rubuta, "Akwai maganar da nake so mu yi." Na goge. Na rubuta, "Ka san mutum tun yana cikin ciki akwai wata hanya daga harshe..." Na karanta, na ji ko ni aka turo wa haka zan toshe lambar. Na goge. Daga ƙarshe na tura masa, "Yogot ɗin Vom."

"Shi ke nan? Ba ki da tsada."

"Ka dai jira," na ce, har da fuskar dariya. Munafuka.

Daga ranar wata ɗabi'a ta kama ni. Duk abin da ke ƙyalli sai na yi masa gwalo. Bayan cokali, murfin tukunya, fuskar waya in ta mutu, har madubin mai keke napep sau ɗaya, sai da ya waiwayo ya ce, "Hajiya, lafiya?" Dubawa nake ko ƙullutun ya sake shawara. Bai taɓa sakewa ba. Ina fito da harshe zai haura, kamar an kira sunansa.

Asabar ta zo da rana, abin da muka kwana biyu ba mu gani ba. Tun safe Mama ta sa na goge falo har ƙarƙashin kujeru, aka turara shi, aka fito da kofunan da ba a taɓawa. Na sa atamfar mai murfi, na ɗaura ɗankwali, na yafa mayafi ruwan madara na zagaya shi a wuya, na sa kwalli da ɗan jan baki kaɗan, irin na 'yar mutunci. Bayan azahar suka yi sallama, Yaya Safara'u da wata ƙanwar mahaifinsu, Gwaggo Dije. Ni ina kicin ina jin muryoyinsu. Can Mama ta leƙo ta ce in kawo tire, in tafi a hankali, in sunkuyar da kai, kada in yi surutu.

Kicin ɗinmu yana can ƙarshen tsakar gida, sai ka wuce ta gaban tagar falo kafin ka kai ƙofa. Rana ta haske gilashin, na ga kaina tar, daga ɗankwali har tire. Zuciyata ta ce, duba ko ya fito ta saman maɓallin. Na ajiye tiren a kan turmi. Na sassauta mayafi, na ɓalle maɓalli, na ɗaga haɓa.

Na yi gwalo.

Na farko gajere ne. Ban gamsu ba, na sake wani dogo, har ƙarshen harshe. Na juya hagu na yi, na juya dama na yi. Na haɗiyi yawu, na ƙara ɗaya. Takaici ya kama ni, na ɗaure fuska, na nuna ƙullutun da yatsa a cikin gilashin na ce, "Za ka sani." Sannan na yashe haƙora na duba ko jan baki ya taɓa su, na mayar da maɓalli, na gyara mayafi, na ɗauki tire, na yi sallama da muryar da ban san ina da ita ba.

Ranar da Shu'aibu ya sa tagar nan, da bakinsa ya yi min bayani: da rana daga waje madubi ce, daga ciki kuwa ana ganin komai. Na tuna ya faɗa. Lokacin gashin idonsa nake kallo.

Ba wanda ya amsa sallamata da ƙarfi. Na durƙusa na gaishe su, kaina a ƙasa. Yaya Safara'u doguwa ce, baƙa, cikin leshi ruwan toka, fuskarta irin wadda ba ka karanta komai a kanta. Tana zaune a kujerar da ke jikin tagar, labule a zuge.

"Lafiya lau," ta ce. "Ajiye tiren ki huta. Kin sha aiki a waje."

Na ɗago a hankali na kalli tagar. Ga tsakar gidanmu nan fes. Ga turmi, ga igiyar shanya, ga kazarmu tana tono. Gwaggo Dije ta toshe baki da gefen mayafi. Mama kuwa, wallahi da ƙasa za ta tsage da ta riga ni shiga.

"Hajiya, ki yi haƙuri," in ji Mama. "Yarinta ce. Wasa take da yaran maƙwabta, sun saba..."

"Ni dai kaza kawai na gani," in ji Gwaggo Dije.

Nan na gane abu biyu ne a gabana: ko in zama mara tarbiyya ko in zama mara lafiya. Idon Mama ya riga ya zaɓar min na farko, don shi ana wanke shi da ban haƙuri da turmin atamfa. Amma na kalli matar nan da ta goyi Shu'aibu a bayanta, na ji ba zan iya barinta ta tafi tana tunanin ita na ce wa za ta sani ba.

Na zare mayafin, na ɓalle maɓallin.

"Yaya, wallahi ba ke na yi wa ba. Wannan na yi wa."

Don kuma su yarda, sai da na nuna musu. E, na sake yi mata gwalo, wannan karon ido da ido, ina durƙushe a kan kafet. Ƙullutun ya haura abinsa, ko kunyar baƙi babu.

Gwaggo Dije ta yi salati ta ja ƙafafunta. "Ana ɗauka?"

"A'a, Gwaggo."

"Ana gado?"

"Ba kasafai ba, Gwaggo. Tun ina ciki ne..."

Shi ke nan bakina ya ɓalle. In na tsorata ba na iya yin shiru, wannan duk wanda ya san ni ya sani. Babin da na kasa rubutawa a gwaji sai ga shi yana zubowa. Na ba su labarin ƙwayar gero da ta taso daga gindin harshe. Na wuce kan ninki-ninkin wuya. Mama tana mintsinina ta baya, ni ina ci gaba. Na ce ai fuska ma ba a dunƙule take farawa ba, gutsure biyar ne, ɗaya daga sama, biyu daga gefe, biyu daga ƙasa, suna matsowa har su haɗe a tsakiya. Na ce wannan ɗan kwarin da ke ƙarƙashin hanci nan ne mahaɗar, kamar inda tela ya gama ɗinki, in kuma haɗin bai ƙarasa ba shi ne ake haihuwar yaro da tsagaggen leɓe.

"Tsaya."

Yaya Safara'u ce.

"Maimaita na leɓen."

Na maimaita, a hankali wannan karon.

"Yaushe ake wannan haɗin?"

"Farkon ciki ne, Yaya. Kafin ya cika wata biyu an gama. Mata da yawa lokacin ba su ma san suna da shi ba."

"To me uwar ta yi?"

"Yawanci ba abin da ta yi. Sau da yawa likitocin ma ba sa iya nuna abu ɗaya su ce ga dalili."

"Ko da ta fita waje ranar husufin wata?"

Na so in yi dariya, Allah ya taimake ni na kalli fuskarta. Na ce, "Ba ruwan wata, Yaya."

Sai ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce, "Gwaggo, tashi mu tafi." Ko ruwa ba su sha ba. Mama ta bi su har ƙofar gida tana ta ba da haƙuri, ban ji an amsa mata ba.

Abin da Mama ta faɗa min bayan ta dawo ba zai rubutu a nan ba, akwai yara a cikinku. Taƙaitawarsa dai: na kashe kaina da bakina, an aiko ni kawo lemo na buɗe makaranta, kuma ita ba za ta ƙara fita unguwa ba sai an manta. Na shige ɗaki na rubuta wa Shu'aibu komai, tun daga laccar Laraba har kazar Gwaggo. Saƙon ya yi tsawon da sai an danna a ga sauran. Ya shiga. Ya karanta. Shiru.

Na fito neman abin share hawaye, sai na ga leda a gefen kujerar da Yaya ta zauna. Yogot ne, har yanzu da sanyinsa. Ina kuka ina sha. Na shanye duka. Ba na alfahari da wannan, amma gaskiya ce.

Gab da magariba na ji ƙarar mashin ɗinsa. Na zura hijabi na fita, ido a kumbure. Yana tsaye jikin mashin, da rigar aikinsa, ko canzawa bai yi ba. Ya kalle ni, ya kau da kai, kafaɗunsa suna rawa.

"Gwaggo ta ce har da yatsa."

"Shu'aibu, don Allah."

"To na bari." Ya goge ido. Sai kuma fuskarsa ta canza. "Amma Kubra, abu yana wuyanki, za a sa miki wuƙa, ni kuma ina tambayarki me kike so ki ce min yogot? A bakin Gwaggo Dije ya kamata in ji?"

Na ce na ji tsoro ne. Ya ce shi ma yanzu tsoron yake ji, sai mu raba. Ya tambaye ni ko yana ciwo, na ce a'a. Ya tambaya ko ana mutuwa a aikin, na ce Dakta ya ce ƙarami ne. Ya ce "Dakta ya ce" ko "ke kin sani"? Na ce ya daina yi min tambayar jarabawa.

"Yaya fa?" na ce. "Me na yi mata?"

Ya juya makullin mashin a hannunsa.

"Kin san 'yarta Fatimatuzzahra, wadda nake nuna miki a hoto? Da tsagaggen leɓe aka haife ta. An ɗinke tun tana jaririya, sai kin lura za ki ga tabon. Dangin mijinta suka ce Yaya ce ta ja, wai ta fita tsakar gida da ciki ranar husufi. Har yau in yarinyar ta yi laifi surukarta sai ta sako maganar. Yaya ba ta taɓa musawa ba. Ina jin ita ma ta yarda." Ya numfasa. "Gwaggo ta ce tun daga nan har gida kuka take a keke. Ni rabon da in ji Yaya ta yi kuka tun rasuwar Innarmu."

Ni ina can ina zuba kamar rediyo, ashe a kan ciwon mutum nake tafiya.

"To ni me ta ce a kaina?"

"Ta ce maza ba za su zo tambaya mako mai zuwa ba."

Na dafa ƙofar gida. Na ji ƙullutun ma ya tsaya cak.

"Sai yaushe?"

"Ba ta faɗa min ba. Lambarki kawai ta karɓa."

Bai rufe baki ba wayata ta yi ƙara a hannuna. Baƙuwar lamba, saƙon murya. Na kalle shi, ya kalle ni. Ta bayan ƙofar na ji takun silifas ɗin Mama ya tsaya. Na danna.

"Kubra, Safara'u ce. Ba a ɗaura wa mutum aure da abu a wuya, lafiya ita ce gaba. Ranar Litinin ki shirya, ni zan zo in kai ki hoton nan da kaina, in an sa ranar aiki ni zan yi jinyarki, ki faɗa wa Mamanki kada ta wahalar da kanta. In kin warke maza za su zo." Ta yi shiru, har na zaci ya ƙare. Sai muryar ta dawo, ƙasa-ƙasa. "Kuma ranar Juma'a za ki raka ni gidan surukata. Abin da kika faɗa min za ki maimaita a gabanta, yadda kika faɗa, kada ki rage komai."

Shu'aibu ya ce, "Inna lillahi. Hajiya Babba? Ko limamin unguwarsu ba ya ja da ita."

Ƙofar ta buɗe. Mama ta leƙo, ta dube ni sama da ƙasa, ta gyara ɗaurin zaninta.

"To me kike tsaye yi? Wuce ciki ki yi karatu, Dakta. Kada ki je ki ba mu kunya a gidan mutane."